Dakta Hafsat da Ranar Rage Kaya

Idan ana lissafa ni'imomin da Allah Ya yi wa Gyadi-Gyadi, bayan kwalta da kusanci da asibiti, sai a ambaci Hajiya Dakta Hafsat Ƙasimu. Akwai masu ganin ita ma ya kamata a fara ambata, kuma babbar mai wannan ra'ayi ita ce ita kanta. Mace ce mai cika ido, mai cika ƙofa, mai cika kunne. In za ta shigo gida, ƙamshin turarenta ne ke fara yin sallama, sai ɗaurin ɗankwalinta ya biyo baya, sannan ita ta iso a hankali kamar wadda aka roƙa.

Kada dai wani ya kai mata mara lafiya. Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba, ba ta taɓa auna zafin jikin ko da kaza ba. Daktancin nata ta samo shi ne a wata bita ta kwana uku a Abuja, inda aka koya wa mahalarta naɗe tawul, jera cokula, da zubar da abin da ya yi yawa a gida. Ta tafi tana Maman Safiya, ta dawo tana Dakta. Takardar shaidar tana nan a falonta cikin firam mai ruwan zinare, a daidai ƙusar da hoton marigayi surukinta ya shekara ashirin a rataye. Shi ne kaya na farko da ta rage. Mijinta Alhaji Ƙasimu, mai sayar da tayoyi kuma mai son zaman lafiya, da ya ga haka sai ya kulle ɗakinsa, ya riƙa yawo da makullin a aljihu.

A bayan idonta matan layinmu suna ce mata Kwamandar Shara. Da sunan ya kai kunnenta ba ta yi fushi ba. Cewa kawai ta yi mutanenmu ba su san girman muƙami ba, in ba haka ba ai Janar ne ya dace da ita.

Fannin nata ta raɗa masa suna Ilimin Rage Kaya, ta kuma sadaukar da shi ga iyaye mata masu hada-hada, waɗanda a cewarta ita ce abar koyinsu. Hada-hadar tata kuwa ba ƙarama ba ce. 'Ya'yanta biyu suna jami'a, autar tana makarantar kwana, akwai dattijai mata biyu masu yi mata shara da girki, ita kuma tana fama da babban aikin, wato nuna musu inda suka bari. Ta buɗe gurup a waya ta zuba matan layi arba'in da uku a ciki ba tare da ta tambayi kowa ba, ta kuma kulle shi yadda ita kaɗai ke iya magana. Kullum da hantsi sai ta turo saƙon murya na minti goma sha bakwai a kan yadda uwa za ta daina ɓata lokaci. Jummai mai awara takan kunna shi ta ajiye kusa da jaririnta, ta ce ba ta taɓa samun abin da ke sa yaron barci da wuri kamarsa ba.

Ana haka Sha'aban ya kama. Kowa ya san abin da mata ke yi a wannan wata: a wanke labule, a fitar da katifa rana, a kakkaɓe saƙar gizo a kusurwa, a gyara kicin don kunu da ƙosan azumi. Maƙwabtanmu Kirista ma, da Ista ke tafe, tasu sharar suke yi. Tun kafin a gina Abuja ake wannan aiki, ba tare da likita ba. Amma a wannan shekarar sai labari ya ɓulla cewa wata gidauniyar tsafta za ta naɗa Jakadiyar Tsafta ta yankin Tarauni. Akwai koren ƙyalle na girmamawa da ake ratayawa a kafaɗa, akwai kujera a babban tebur a kowane taro, akwai kuma fili a rediyo duk mako. Sharaɗin guda ne: mai nema ta nuna unguwar da ta gyara da hannunta. Shugabar gidauniyar, Hajiya Hajara, tsohuwar ma'aikaciyar duba-gari ce da ta yi ritaya, kuma da kanta take zuwa ta gani.

Dakta ta daina cin abinci da kyau saboda son wannan ƙyalle. Ta rubuta wa gidauniya cewa ranar Asabar ta ƙarshe kafin azumi za ta tara musu tsibin tarkace daga gida arba'in, tsibin da sai an turo babbar mota. Ta ɗinka koren leshi wanda zai shiga da ƙyallen. Ta sanar da danginta na Daurawa, ta sanar da ƙawayenta na bitar Abuja, ta sanar da mai kitso. Abin da ya rage mata kawai shi ne tarkacen.

Ranar Lahadi ta fara rangadi, sanye da safar hannu da takunkumi, riƙe da wata siririyar sanda ta nuni. Gidan Jummai ta fara shiga. Jummai 'ya'yanta biyar, mijinta Mu'azu yana jan adaidaita, ita kuma tun asuba take tsaye a kan waken suya. Dakta ta tsaya a tsakar gida ta kalli gabas ta kalli yamma, ta girgiza kai irin na wanda ya ga cuta ta yi nisa.

"Jummai, kalle ni da kyau," in ji ta. "A Abuja ba a ce wa wannan gida. Sito ake ce masa. Amma kada ki ji tsoro, Allah Ya kawo miki ni. Yau za ki ga abin da ilimi yake yi."

Jummai ta ce Allah Ya saka da alheri, ta ci gaba da tace wake.

Sanda ta fara nuna bokitan fenti guda shida a jikin bango. Jummai ta ce na tara ruwa ne, famfo sau ɗaya yake zuwa a mako, in ya ga dama. Sanda ta koma kan jerin gwangwanayen madara. Na daddawa ne, da kuka, da kanwa, da barkono, ɗaya kuma na allura da zare. Wancan tsohon zanen da ya koɗe? Da shi ta goya yara huɗu, yanzu shi ne matacin awara, in ya gama wannan aikin kuma da shi za a riƙa sauke tukunya. Firijin da ya mutu tun kafin a haifi ɗanta na biyu? Nan garin kunu yake kwana, ɓera bai san yadda ake buɗe shi ba. Takalmi ƙafa ɗaya? Shi ke tare ƙofa in iska ta taso. Dakta ta zagaye gidan sau biyu tana gumi cikin takunkumi, ba ta samu ko tsinke marar sana'a ba. Daga ƙarshe ta cafke wani murfin tukunya wanda ba a san tukunyarsa ba, ta ɗaga shi sama don kowa ya shaida. Tana kaiwa ƙofa Jummai ta biyo ta da gudu ta karɓe, wai ta tuna da shi ake rufe abincin maigida.

Daga nan sai gidan Hannatu, wadda muke kira Maman Godwin, malamar firamare 'yar Kagoro, mai 'ya'ya uku da miji ma'aikacin gwamnati. Dakta ta same ta tana gyaran takardun jarrabawa da hannun dama, tana juya miya da na hagu, ƙafarta kuma tana tare wata yarinya da ke son shiga bokitin wanki. Dakta ta zauna a kan kujerar da ta fi kyau ta yi mata lacca a kan muhimmancin uwa ta ware lokacin kanta. Tarin takardun da ke kan tebur ta ce a ƙone, Hannatu ta ce sakamakon yara sittin ne. Kwalin da ke ƙarƙashin gado ta ce a fitar, Hannatu ta ce ankon zumuntar mata ne na coci, ajiya aka ba ta. Don dai baƙuwa kada ta fita hannu rabbana, Hannatu ta lalubo mata wata tocilan da ta mutu da mataji mai haƙora uku. Dakta ta karɓa da hannu biyu, ta ce a hankali ake warkewa.

Kwana uku, gida goma sha tara. Duk abin da Kwamanda ta ciwo a wannan yaƙi ya shige cikin leda guda, har da sauran wuri. Ta zauna a falonta tana kallon ledar, tana tuna babbar motar da ta sa a turo. Tsoro ta ji sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba tun ranar da aka ce ta tashi ta gabatar da kanta da Turanci a Abuja. Amma babban mutum ba ya zargin iliminsa. Ta yi nazari ta gano cewa laifin na unguwa ne.

Ranar Laraba bayan la'asar ta kira taron gaggawa a harabar gidanta. Mata suka zo, wasu da goyo, wasu da tsintar shinkafa a faranti, wasu don sun ji an ce za a raba lemo. Dakta ta hau matattakalar baranda ta gyara murya.

"Iyaye mata, na yi bincike mai zurfi, kuma na gano cutarku. Ba talauci ba ne, ba rashin lokaci ba ne. Kara ce. Kunya ce. An ba ki abu, ba ya yi miki komai, kin rasa inda za ki sa shi, amma kin kasa zubarwa don kada wadda ta ba ki ta ji haushi. To ni Dakta Hafsat, da ikon da takardata ta ba ni, na ɗauke muku wannan nauyi. Ranar Asabar kowace mace ta fito da buhu guda aƙalla. Duk abin da ba shi da amfani kuma ba za ki yi kewarsa ba, ki cusa shi ciki. Ko wa ya ba ki."

Mata suka kalli juna, wani irin kallo wanda Dakta ta fassara da cewa ilimi ne ke ratsa su. Hannatu ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Hajiya, ko wa ya ba mu?"

"Ko wa."

"Ba fushi?"

"Ba fushi, ba gaba, ba ƙorafi. Wadda ta ji haushi jahila ce, ku turo min ita."

Hannatu ta nemi a maimaita don ta ɗauka a waya, saboda waɗanda ba su zo ba. Dakta ta maimaita da ƙarin armashi, har da ɗaga yatsa. Ba a raba lemo ba, amma ba a taɓa watsewa daga wani taro nata cikin farin ciki irin na ranar ba. Jummai har tuntuɓe ta yi a bakin ƙofa don sauri.

Daga Laraba zuwa Juma'a layinmu ya zama kamar ana shirin biki. Ta ko'ina sai ƙarar jan gado da sauke akwati daga saman sif. Mata suna leƙa juna ta katanga suna ɗaga abu, sai a ƙyalƙyale da dariya a mayar cikin buhu. Buhun shinkafa da babu komai a ciki ya yi wuyar samu. Dakta ta bi layin tana jin wannan hayaniya, ƙirjinta ya cika da alfahari, ta tura saƙon murya na minti ashirin da shida tana cewa tarihi zai tuna da wannan mako.

Asabar ta zo da rana mai ɗan zafi. An kafa rumfa a filin ƙarshen layi, an jera fararen kujeru, an kawo lasifika. Tun ƙarfe takwas mata ke fitowa da buhuna, wata biyu, wata uku, wata da baro. Hasana matar mai shayi, wadda ɗakinta guda ne tak, buhu huɗu ta kawo, ta ce yau ne karo na farko da ta ga ƙasan gadonta tun da ta tare. Tsibi ya tashi har ya kere kan mutum. Dakta, cikin koren leshi da faffaɗan tabarau, ta hana a kwance ko buhu ɗaya. A gaban baƙuwa za a buɗe, in ji ta, don abin ya yi tasiri.

Ƙarfe goma sha ɗaya Hajiya Hajara ta iso, babbar mota tana biye. Tsohuwa ce 'yar firit, mai farin mayafi da gilashi mai kauri, mai irin idon da ya shekara talatin yana leƙa randar mutane. Ba ta son dogon zance, don haka jawabin maraba na Dakta, wanda ya faro daga tarihin tsintsiya, ta saurare shi tana duba agogo. Da Dakta ta kai ga cewa ita ba don muƙami take yi ba, sai tsohuwar ta ce madalla, a buɗe kayan.

Aka kwance buhun farko aka zazzage. Maficin roba ne, sun fi talatin, duk sun karye a wuya. A jikin kowanne akwai fuskar mace tana murmushi. Buhu na biyu, agogunan bango, kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama, fuskar dai tana tsakiya, hannun agogo ya fito mata ta hanci. Na uku, kalandun shekarun da suka wuce. Na huɗu, kofunan da hannunsu ya cire tun ranar farko. Sai bokitai masu sirantar ɓawon ƙwai, sai laimomin da ba sa buɗuwa, sai farantan da ba sa ɗaukar kofi biyu, sai littattafan rubutu masu shafi goma. Ana zazzagewa fuskar tana ƙaruwa, har filin ya cika da murmushi iri ɗaya yana kallon sama.

Wanda ba ɗan gari ba sai an yi masa bayani. A nan ba a watsewa daga biki hannu wofi. Uwar biki da ƙawayenta sukan raba ɗan abin tunawa, roba ko kofi, da sitika mai sunan ango da amarya. To shekara goma sha biyu ke nan ba a yi biki, ko suna, ko walimar sauka a layinmu ba, face Hajiya Hafsat ta buga nata kayan rabo, ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba. Da ta dawo Umara ta raba. Da ta dawo daga Abuja ta raba. Da ta sauya labulen falo ma sai da ta raba kalanda. Kullum mafi araha take saya don ya yi yawa, kullum hotonta ne ke cinye sitikar, sunan amarya kuma sai an sa gilashi. A ƙasan hoton ba ta sa sunanta na yanka, laƙabin da ta ba kanta tun kafin daktanci take sawa: Gimbiyar Gyadi-Gyadi. Ba mai iya jefa fuskar maƙwabciya a bola inda za ta wuce ta gani. Ba mai iya kyautar da ita. In kuma ta shigo gidanki sai ta tambayi ina agogonta. Haka kayan suka yi ta taruwa a ƙarƙashin gadaje, har ranar Larabar da ta ɗauke wa mata nauyin kara da bakinta.

Dakta ta tsaya ƙiƙam. Ta dubi Hannatu, Hannatu ta ɗan ɗaga wayarta cikin ladabi. Ta dubi Jummai, Jummai ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Gaskiya a wannan lokacin an tausaya mata, amma tausayin bai daɗe ba, dariya ta fi shi ƙarfi.

Sai dai Allah Ya rufa mata asiri ta inda ba ta zata ba. Hoton tsoho ne, kuma mai hoton ya yi aikin da aka biya shi. Ya haska fata, ya rage kumatu, ya ja wuya, ya share shekara goma sha biyar a zama ɗaya. Hajiya Hajara ta sunkuya ta ɗauki mafici guda, ta kusanto da shi gilashinta, ta karanta laƙabin, ba ta ga komai ba sai baƙuwar fuska. Ranta ya ɓaci. Ta ce ta shekara talatin tana aikin duba-gari, ta yi faɗa da kwata, ta yi faɗa da mahauta, amma ba ta taɓa ganin mutum ɗaya ya cika unguwa da shara haka shi kaɗai ba.

"Dakta, wace ce wannan Gimbiyar?"

Mata arba'in suka zuba mata ido. Dakta ta gyara tabarau ya ƙara rufe fuska.

"Wata mata ce, Hajiya. Ta tashi. Ta koma Daurawa."

"Allah Ya tsare Daurawa," in ji tsohuwar.

Aka amsa da amin mai ƙarfi, har da dangin Dakta na Daurawa da ke zaune a sahun gaba. Wata mata ta faɗo daga kujera, aka ce jiri ne. Hajiya Hajara ta karɓi lasifika ta ce yau ta ga jarumta. Mace guda ta ɓata unguwa, mace guda ta cece ta. Ta ce tara shara ba wuya, amma raba mutane da kunyar maƙwabta sai mai ilimi, kuma ita ba ta bukatar zuwa wata unguwa. Ta buɗe jakarta ta fito da koren ƙyallen, ta warware shi, rubutun zinare yana ƙyalli a rana. Dakta ta matso, ta sunkuyar da kai. Abin da ta hana kanta abinci dominsa saura taƙi guda ya sauka a kafaɗarta. Shiru kawai ake bukata daga gare ta, na minti ɗaya.

Tsohuwar tana ƙoƙarin ɗaga ƙyallen ya tsallake ɗaurin ɗankwali, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, sai idonta ya sake faɗawa kan maficin da ke ɗaya hannunta. Ta dakata.

"Amma fa a faɗi gaskiya, yarinyar kyakkyawa ce. Ku dubi wuya, ku dubi ido. Ba za ta wuce ashirin da biyar ba. Ni dai duk yawona a Tarauni ban taɓa cin karo da fuska irin wannan ba. Kai, Daurawa sun yi sa'ar kallo."

Waɗanda ke kusa sun ce sun ga yaƙin da aka yi a fuskar Dakta. Leɓenta ya motsa ta danne. Ya sake motsawa ta cije. Ta kalli ƙyalle, ta kalli mafici. A ce yau an yabi wannan wuya a lasifika, a gaban dangi da maƙiya, kuma yabon ya tafi Daurawa wurin matar da babu ita? Ta ɗago kai, ta zare tabarau, ta miƙe wuya iya miƙuwarsa, ta juya gefen da hoton ya juya.

"Hajiya, ni ce," in ji ta. "Kuma ranar ma ban yi wata kwalliya ba."

Lasifika a kunne take, har masu sayen tumatir a bakin titi sun ji. Hajiya Hajara ta cire gilashinta ta goge da mayafi, ta mayar. Ta dubi mafici, ta dubi Dakta, ta sake duban mafici. Ta daɗe tana wannan zirga-zirga. Sannan ta ce Allah mai iko, ta naɗe koren ƙyallen gida huɗu, tsaf kamar wadda ta je bitar Abuja, ta mayar cikin jaka ta ja zif. Ta ce wa direban babbar mota ya tafi abinsa, ba gidauniya ce za ta kwashe wannan ba, kuma tunda mai kaya tana wurin, a kai mata abinta gida.

Filin ya kece. Mata suka riƙa dariya suna dafa juna, masu goyo suna riƙe goyo kada ya zame. Dakta ta fara bayani cewa a ilimance wannan ma nasara ce, domin gida arba'in sun samu fili a yini guda, amma ba mai ji. A cikin wannan hargowa sai ga adaidaita ta kutso filin tana hon, an cika ta da kwalaye har saman rufi. Mu'azu ne, mijin Jummai. Ya sauko yana share gumi, ya ba Dakta haƙurin makara, ya ce mai buga sitika ne bai gama da wuri ba, amma ga kayan rabon taron yau an kawo, guda ɗari biyu cif.

Dakta ta yi masa alama da hannu, da ido, da gira, ya juya ya tafi. Mu'azu ya ɗauka cewa take ya yi sauri, sai ya farke kwalin farko a gaban babbar baƙuwa. Abin kwashe shara ne, kore shar, mai ɗan mariƙi. A tsakiyarsa, daidai inda tsintsiya ke tura datti, ga fuskar nan tana murmushi, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Dakta Hafsat, Jakadiyar Tsafta.

Hajiya Hajara ta ɗauki guda. Ta lanƙwasa shi bai karye ba. Ta buga shi a ƙafar kujera bai tsage ba. Ta ɗora bakinsa a ƙasa ta ga ya kwanta daidai. Ta gyaɗa kai irin na wadda ta san aikinta.

"Wannan kam yana da amfani," in ji ta. "A raba."

Ba a taɓa rububin kayan Dakta irin na ranar ba. Mai karɓar biyu, mai karɓar uku, har dangin Daurawa sai da suka cusa a jaka. Ƙyallen kuwa daga baya aka ji an rataya wa wata mata a Ƙauyen Alu da ta haɗa kan maƙwabta suka yashe kwata. Mu dai mun shiga azumi da ɗakuna fayau da sabon abin kwashe shara a bayan kowace ƙofa. Jummai ta ce nata har yanzu ko tsagewa bai yi ba, kuma ita ba ta da rashin kunya: kullum da safe sai ta ce Dakta ina kwana, sannan ta tura mata sharar.